Matakan Zaɓar Wurin Kafa Tanti a Gandun Daji

Masu karatu sun sha tambayata yadda ake shirya kwana a gandun daji na ƙasa. Ga matakan bi da bi.

1. Ka tsayar da ranakun tafiya bayan ka duba yanayin wurin a lokacin.
2. Ka nemi jerin sansanonin da hukumar gandun ta amince da su.
3. Ka zaɓi sansanin da yake da ruwan sha da makewayi, musamman idan akwai yara ko tsofaffi a cikin tafiyar.
4. Ka kama wuri tun da wuri, domin sansanoni masu kyau kan cika watanni kafin hutu.
5. Ka sanya kallon dabbobi da sassafe ko da yamma, lokacin da suka fi fitowa.
6. Ka sauke taswira a wayarka, saboda sabis yakan ɗauke a daji.
7. Ka kafa tanti a kan tudu kafin faɗuwar rana.

Gargaɗi: a nan aka fi yin kuskure. Kada ka kafa tanti a busasshen rafi ko ƙarƙashin mataccen itace, domin ruwan da aka yi a nesa yana iya kawo ambaliya a rafin cikin dare, itacen kuma yana iya faɗowa.

8. Ka adana abinci nesa da makwancinka, don ƙanshinsa yana jawo namun daji.