Yadda nake saita amfilifaya don jitar bas ta fito sarai

Duk wanda ya taɓa kaɗa jitar bas a ɗakin biki a Sabon Gari ko a coci a Wusasa ya san halin bangon siminti da rufin kwano: sai gurnani kawai, ba a gane abin da kake kaɗawa. Yaranmu kuma sai su ƙure maɓallin bas, abin ya ƙara dagulewa.

Ni dai nakan fara mayar da maɓallan bas (sauti mai kauri), mid (matsakaicin sauti) da tirebul (siririn sauti) tsakiya, wato ƙarfe 12 na agogo. Sai gen, wato maɓallin ƙarfin sautin da ke shiga amfilifaya daga jitar: ka riƙa ɗaga shi kana dukan igiya mafi kauri da ƙarfi, in jar fitila ta fara ƙyaftawa ka ɗan sassauta. Yawan ƙara kuwa aikin masta ne, wato babban maɓallin ƙarar da ke fita ta lasifika.

A mid maganar take. Igiyar E, wato mafi kaurin nan, tana wajen haz 41 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirancin sauti), ƙananan lasifikokin haya ba sa iya fitar da wannan da kyau. Abin da ke ratsa ganguna da piyano ya kai kunne yana tsakanin haz 500 zuwa 800, saboda haka ka kai mid ƙarfe 2. In sautin ya cushe, rage wajen 250, idan naka yana da wannan maɓallin. Tirebul kaɗan ya wadatar, in ya yi yawa sai ƙarar yatsu.

Kada ka cusa lasifika a kusurwa, nan bas ke kumbura. Ka ba wani jitar, ka koma ƙarshen ɗaki ka saurara yayin da mai ganga ke bugawa, sannan ka gyara.