Kurakuran da masu neman aikin koyarwa suka fi yi, da gyaransu

Kowace shekara kwalejojin ilimi na Zariya, Kano, Katsina da sauransu suna yaye ɗimbin masu NCE, wato takardar shaidar malanta, guraben gwamnati kuwa sai jefi-jefi. Matsin gaskiya ne, babu mai musu. Abin da ya fi damuna shi ne nauyin da matasanmu ke ƙara wa kansu a kai.

Mafi muni shi ne zaman jiran ranar da SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, za ta buɗe shafin ɗaukar aiki. Mutum ya karɓi sakamakonsa, ya naɗe a leda ya tura ƙarƙashin katifa, shekaru su wuce bai sake riƙe alli ba. Ranar tantancewa a ce masa, "Malam, ga allo, koya mana lissafin rabawa kamar ƴan aji huɗu ne a gabanka." Sai ya juya wa mutane baya yana magana da allo, murya na rawa. A tuna Kaduna a 2017: gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare jarrabawa ta matakin aji huɗu, ta sallami fiye da 21,000. Ko ka goyi bayan matakin ko ba ka goya ba, ya nuna takarda kaɗai ba ta tsare wa mutum aiki, balle ta samo masa.

Gyaran shi ne ka shiga aji yanzu. Makarantar kuɗi ta unguwa, Islamiyya, darasin yamma, ko aikin sa-kai a firamaren da ta yaye ka. Na san albashin makarantun kuɗi da yawa abin kunya ne, bai ko kusanci mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa hannu a kai a 2024 ba, kuma zalunci ne. Duk da haka ka karɓa na ɗan lokaci, ka koyi rubuta tsarin darasi da riƙe aji mai cunkoso, kuma kada ka bar wurin sai hedimasta ya ba ka takardar shaida mai hatimi.

Sai jinkirin rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Jarrabawarta a kwamfuta ake yi, wasu kuma ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar. Ka yi atisaye tun da wuri. Mai digirin da ba na ilimi ba ya nemi PGDE, wato difloma ta koyarwa ta bayan digiri, ana yinta a jami'o'i da kuma cibiyar horar da malamai ta NTI mai hedikwata a Kaduna.

Akwai masu cewa, "Ai sai mai uwa a gindin murhu," su ƙi ko cike fom. Son kai yana nan, amma wanda bai nema ba ya cire kansa da hannunsa. Wannan tunanin ne kuma ke jefa wasu hannun ƴan damfara, su sayar da gona ko keken ɗinkin ƴar'uwa su sayi takardar ɗaukar aiki ta bogi. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya ba ka gurbi, ka guje shi.

Haka nan masu ƙin ƙauye. Kowa na son cikin gari, alhali makarantun karkara ne ke kukan rashin malamai, musamman na lissafi, kimiyya da Turanci. In yankin yana da tsaro, ka nuna a shirye kake ka je, ka kuma tambayi sakataren ilimi na ƙaramar hukumar wane darasi ne ba su da mai koyar da shi.