Yadda za ka sa gaban mai kallo ya riƙa faɗuwa a fim ɗin tsoro

Duk mai son ɗaukar fim ɗin tsoro, ko da waya ne a tsakar gidansu, abin da zan fara roƙonsa dan Allah kar ya yi gaggawar nuna mana dodon. Wallahi nan masu farawa suke ɓata aikinsu, minti biyu da soma fim an shafa wa wani farar hoda ya leƙo ta taga, shikenan mun gan shi, ido ya saba, tsoro ya tafi. Ka dubi fim ɗin Jaws na 1975, na wani kifi mai cin mutane, kifin inji da aka ƙera wa daraktansa Steven Spielberg ya yi ta lalacewa a ruwan teku, dole ya rage nuna shi, sai ya koma nuna ƙafafun masu iyo daga ƙarƙashin ruwa, ga kiɗan John Williams mai sauti biyu kacal yana ta maimaituwa yana ƙara sauri, kai da kanka za ka ƙera kifin a ranka kuma naka ya fi na injin muni.

Sai kuma ka bar mai kallo ya san abin da ɗan wasa bai sani ba. Shahararren daraktan fina-finai Alfred Hitchcock ya taɓa ba da misali da bam a ƙarƙashin tebur, mutum biyu na hira bam ɗin ya tashi ba zato, ka razana jama'a na daƙiƙa 15, amma in ka fara nuna musu bam ɗin da agogo sannan hirar ta ci gaba, ka riƙe zuciyarsu minti 15.

To ga yadda za ka gwada. Yarinya ita kaɗai a ɗaki, an ɗauke wuta, ta kunna tocilan waya tana neman ashana a kan durowa. Ka ajiye ta a gefe guda na hoton, ɗaya gefen ka bar shi fili, ƙofa ce a bayanta da labule, duhu. Idon mutum da kansa zai koma kan wajen da babu kowa yana jira. Labulen ya ɗan motsa, kaɗan fa, ita ba ta gani ba, mu mun gani. Kar ka yanke a nan, wannan ne wurin da hannun mai editin ke ƙaiƙayi, ka bar kamarar a tsaye har mai kallo ya fara cewa ke juya mana, ke fita!

Sauti kuwa ni a wajena ya fi hoto aiki. Ba sai ka cika kiɗa ba, famfo na ɗiga cikin bokiti tal, tal, gyare na kuka a waje, numfashinta na fita, sai ka ɗauke kukan gyaren gaba ɗaya. Shirun nan shi ke sa tsigar jiki tashi, don kunne ya gane wani abu ya canza tun kafin mutum ya san mene ne.

Akwai razanar ƙarya ma, tsohuwar dabara ce, a fim ɗin Cat People na 1942 mace na tafiya cikin dare tana jin ana bin ta sai ga ƙara mai firgitarwa, ashe bas ce ta ja birki. Ka yi irinta sau ɗaya, mage ta faɗo daga kan katanga, yarinyar ta sauke ajiyar zuciya mu ma mu sauke, to a daidai nan ne za ka kawo na gaskiyar. In ka yi ta yi sau biyar mutane za su daina yarda da kai.

Kuma kafin a ɗauke wutar ka ba mu minti biyu da ita, tana waya da mamarta tana cewa ta kulle ƙofar gida, ƙaninta na barci a kan tabarma ta ja zani ta rufa masa.