Kafin ku taya zanen Dali a gwanjo, ku sa a ɗaga takardar a haske

Jama'a, masu neman bugaggun zanen Salvador Dali, shahararren mai zane ɗan Sifen, ga wata dabara da ta tsare min kuɗina.

Kafin ranar gwanjo, ku roƙi masu sayarwa su cire zanen daga firam, su ɗaga shi a haske, su turo muku hoto.

Takardun Arches da Rives na Faransa, waɗanda ake buga zane a kansu, suna da tambari a cikin jikinsu, irin wanda ake gani a takardar kuɗi. Daga 1980 aka ƙara masa wata alama mai kama da lamba 8 a kwance. Dali kuwa tun wajajen shekarar ya daina sa hannu a bugu, hannunsa na rawa saboda ciwo. In kun ga 8 ɗin nan tare da sa hannunsa, ku janye, don alama ce ta sa hannun jabu.

Na taɓa kusan afkawa. Bugu ne mai kyau, agogo na narkewa, an rubuta 45/150 da fensir a kusurwa, wato kwafi na 45 cikin 150. Da hoton ya iso, ga 8 nan kwance a gefen takarda. Sai da gabana ya faɗi.

Amma fa rashin alamar ba ya wanke zane. Dali ya sa hannu a dubban fararen takardu, daga baya aka buga abin da bai taɓa gani ba a kansu. Takardar Japan ma galibi ba ta da tambari. A nan sai ku duba ko girman zanen da yawan bugun sun dace da abin da ke cikin kundin Albert Field na 1996, wanda ya jera bugaggun zanen Dali na ainihi.

In suka ƙi buɗe firam, ni dai ba na tayawa.