Yadda za ka yi addu'a da Zabura in damuwa ta hana ka barci

Ɗan'uwa, in ƙarfe biyu na dare ta yi idonka biyu, kana ta lissafin kuɗin haya da na makarantar yara, toh gwada wannan.

Da farko tashi zaune ka kunna fitila. In Littafi Mai Tsarki na cikin waya ne, kashe data tukuna, in ba haka ba Facebook zai janye ka.

Sai ka buɗe Zabura 13, ayoyi 6 ne kacal. Karanta a hankali da murya ƙasa-ƙasa, har sau biyu. Dawuda ma kuka ya fara da shi yana tambayar Ubangiji har yaushe, ni dai shi ya sa na fi son ta da dare, ba ta cewa ka yi kamar komai lafiya.

Daga nan faɗa wa Allah damuwar da sunanta, bashi ne ko ciwon mama ne ko rashin aiki, kamar yadda Filibiyawa 4:6 ta ce a kai roƙo tare da godiya, don haka nemo ko abu ɗaya ka gode.

Ƙarshe karanta Zabura 4:8, ka rufe da sunan Yesu, kashe fitila ka kwanta. In tunanin ya dawo maimaita ayar kawai.