Yadda Ake Riƙe Babur da Giya a Gangara

Duk wanda ya taɓa fita daga Jos a kan babur ya nufi Akwanga ya san cewa aikin yana Hawan Kibo. Jos tana zaune ne a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, don haka mai zuwa Abuja dole ne ya sauko ta doguwar gangara mai kwana bayan kwana, ga tirela a gaba, ga wata a baya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 nake yawan ganin masu babur suna sa firi, wasu ma har su kashe inji, da zarar sun hango gangara, wai don su tsimi mai. Ɗan man da ake tsimi bai taka kara ya karya ba, domin injin da aka sakar wa totur ba ya shan wani abin kirki, alhali kuwa mutum ya zubar da abu mafi ƙarfi da zai riƙe shi a gangarar, wato injin kansa.

Idan ka saki totur babur yana cikin giya, ƙofar da iska ke bi ta shiga inji tana rufewa, sai fistin ya riƙa jan iskar da ba ta isa ba, kamar mai zuƙar ruwa ta tsinken da aka toshe bakinsa. Wannan turjiya ita ce take bi ta sarƙa ta riƙe tayar baya, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar giya, gwargwadon ƙarfin riƙon. Birki kuwa da gogayya yake aiki, gogayya tana haifar da zafi, kuma birkin da aka danne tun daga saman tudu yakan yi zafi har ya daina kamawa. Alamarsa ita ce ƙauri, sannan ka ji ƙafarka tana nutsewa babur bai rage gudu ba.

Kafin komai, ka san tsarin giyar babur ɗinka, domin ba duka ne iri ɗaya ba. A wasu baburan lamba ɗaya tana ƙasa, firi na binta, sauran lambobin suna sama. A ƙananan baburan da suka cika hanyoyinmu kuwa, sau da yawa lambobin suna jere ne ta fuska ɗaya, firi yana can ƙarshe, ta yadda wanda ya rikice da ƙirga zai iya faɗawa firi a tsakiyar gangara ba da niyya ba. Ka tsayar da babur a kan jakinsa na tsakiya ka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya har ƙafarka ta haddace su.

Mataki na gaba shi ne gwaji a shimfiɗaɗɗiyar hanya marar cunkoso. Ka kai gudun kilomita 40 a awa a lamba uku ko huɗu, ka saki totur gaba ɗaya ba tare da ka taɓa kuloci ba, ka saurari yadda kukan injin yake sauka babur yana lafawa da kansa. Masu koyo da yawa suna damƙe kuloci da zarar sun so rage gudu, kuma damƙe kuloci daidai yake da sa firi, tunda ya raba inji da taya.

Daga nan sai rage giya, wanda shi ne gundarin aikin. Ka saki totur, ka taɓa birki kaɗan har gudun ya sauko zuwa abin da lambar ƙasa za ta iya ɗauka, ka ja kuloci, ka ɗan murɗa totur sau ɗaya a gurguje don kukan injin ya tashi, ka sauke giya lamba ɗaya tak, sannan ka saki kuloci a hankali kamar mai sakin igiyar guga a rijiya. Wannan ɗan murɗa totur shi ne sirrin, domin ƙaramar lamba tana buƙatar injin ya juya da sauri fiye da yadda yake juyawa a babbar lamba, kuma idan ba ka ɗaga shi ba, tayar baya ce za ta fizgo shi da ƙarfin tsiya. Abin da za ka ji a lokacin shi ne babur ya yi tutsu, sarƙa ta yi ƙara, wani lokaci tayar ta ja ƙasa ta zame gefe. Idan ka yi daidai, wanda ka goya ba zai san ka canza giya ba, hular kwanonsa ba za ta bugi taka ba. Kada ka tsallake daga huɗu zuwa biyu, kuma idan injin ya yi kururuwa bayan ka saki kuloci, to ka yi gaggawa, sai ka ƙara birki.

Idan ka iso gangara ta gaske, ka zaɓi lambarka tun kana sama, kafin gudu ya taru. Tsoffin direbobi suna cewa lambar da za ta hau da kai tudu ita ce za ta sauko da kai, kuma ni dai ban ga abin da ya ƙaryata su ba. Ka bar injin ya riƙe, idan gudu ya soma ƙaruwa ka kama birkin gaba da na baya tare na ɗan lokaci, ka sake su su huce. Duk canjin giya da rage gudu ka gama su babur yana miƙe, kafin ka shiga kwana, saboda tayar da ta karkata ba ta da sauran riƙon da za ta jure fizga. A damina, lokacin da ruwan Jos yake kwaso yashi ya zube shi a bakin kwanoni, ka ninka taushin hannunka a kan kuloci.

Akwai haɗari guda da mutane ba su cika lura da shi ba. Riƙon inji ba ya kunna danjar baya, don haka direban da ke binka bai san kana rage gudu ba sai ya zo daf da kai. Ka riƙa ɗan taka birkin ƙafa gwargwadon yadda fitilar za ta kama, ka kuma duba madubi.

Masu tsoffin babura masu hayaƙi, irin su Jincheng AX100, su sani cewa injinsu ba ya riƙo sosai, kuma man da ke shafe masa ciki yana raguwa idan totur ya daɗe a rufe, shi ya sa ake so su riƙa ɗan buɗe shi jefi-jefi a doguwar gangara. Masu roba-roba ba su da kuloci a hannu, amma takin giyar ne yake jan kuloci, don haka su ɗaga ƙafa daga kansa sannu a hankali maimakon su sake shi farat ɗaya.

Idan kuwa akuya ko yaro ya faɗo maka hanya, ka manta da lissafin giya. Ka saki totur, ka kama birki biyun, kana ƙara matsa na gaba a hankali domin a nan mafi yawan ƙarfin tsayawa yake, ka ja kuloci kafin injin ya mutu, sai bayan ka tsaya cik ka nemo lamba ɗaya.