Kurakuran da masu koyon aski ke yi wajen goga aska a fata

Shekaranjiya da yamma ɗan yayana ya kawo min askarsa, wai Kawu tun safe nake gogata a fata amma sai ƙara dakushewa take. Na ce to goga in gani. Ko sau biyar bai kai ba na ce dakata, kuskure uku ka yi a nan take. Ban yi masa dariya ba don nima haka na fara a gaban Baba, a ƙauyenmu can wajen Ringim.

Abu na farko da yara ba sa ganewa, fata ba dutsen washi ba ce. Dutse shi ke cin ƙarfe ya fito da sabon baki. Ita fata aikinta daban, bakin aska siriri ne ƙwarai har ido ba ya iya ganin ƙarshensa, duk askin da ka yi sai gashi ya ɗan lanƙwasa shi, to fata miƙar da shi take yi ta kuma share ɗan datti da tsatsan da ya fara kamawa. In aska ta riga ta mutu ko kwana za ka yi kana goga wahalar banza ce, kai ta dutse kawai.

Sai babban kuskuren, tura baki gaba. A dutse eh, baki ne a gaba. A fata kuwa bayan askar ke gaba, baki yana biye kamar akuya da igiya. Ranar da na manta wannan wallahi ji na yi kawai "tsit", na duba na ga na ɓare fatar Baba wadda ta girme ni. Bai dake ni ba, kallona ya yi ya ce kai yaro, wanzanci ka zo koya ko dukanci? Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Wajen juyawa ma nan ake yanka fata sosai. Ka kai ƙarshe, sai ka tsaya cak, ka mirgina askar a kan bayanta, bayan ba ya barin fata ko kaɗan, baki ne ke tashi sama ya faɗa ɗaya gefen. Da babban yatsa da manuni ake murza wuyan askar, ba duk hannu ake karkatawa ba. Masu juyawa ta kan baki su ne kullum askarsu ba ta ci kuma suna zagin maƙeri. Kuma kar baki ya sauka alhali hannunka bai daina tafiya ta inda ya nufa da farko ba, nan take zai cije fatar.

Ɗan yayan nan nawa kuma yana ɗaga bayan askar sama wai don baki ya fi samun fata. A'a. Kwantar da ita za ka yi, baya da baki duk su taɓa. Askar waje irin ta Solingen a Jamus ko Sheffield a Ingila an rarake gefenta, kaurin bayanta shi ke ba ka daidai karkatar da ake so, kai ba ruwanka. Ta maƙeranmu ta danganta da yadda aka ƙera ta, amma dai yadda ka kwantar da ita a dutse haka za ka kwantar a fata, kar ka ƙara. In ka ɗaga, bakin zai zama dungu.

Dannewa ma haka. Ba sassabe kake ba malam. Nauyin askar da ɗan abin da zai hana ta tashi ya isa. Sannan fatar ta miƙe, ka rataye ta a ƙusa ko jikin dirkar rumfa daidai ƙugunka ka ja da ɗaya hannun, don in ta yi sako-sako za ta lotsa ta naɗe bakin, ka ga ka dakusar da abinka da hannunka. Ni shawarata ga mai koyo ya shimfiɗa ta a kan benci ko ya liƙa ta a katako mai santsi har hannu ya faɗa. Tsofaffi na yi a cinya ko a tafin hannu ma, amma su shekara nawa suka yi?

Ga sauri. Yaro ya je kasuwar Dambatta ran Lahadi ya ga wanzami na fat-fat-fat yana hira ko kallon hannunsa ba ya yi, shi ma ya dawo zai gwada. Yi a hankali, kai da komowa 40 zuwa 60 kafin aski ya wadatar. In fatar ba ta kai tsawon bakin askar a faɗi ba, don yawanci inci 2 ne zuwa 3, sai ka riƙa jan ta a karkace yadda daga gindi har tsini ko'ina zai samu.

Ita kanta fatar mutane na wulaƙanta ta. Wani tsohon bel zai ɗauko mai ɗinki da huji, ba ya yi. Nemi mai laushi marar tabo a wajen dukawa. Da hunturu tana bushewa ta tsage, ga ƙura, kuma ƙwayar yashi ɗaya tak ta isa ta yi wa baki giɓi, saboda haka share ta da tafin hannu kafin ka fara, maiƙon hannun ma yana yi mata amfani. In ta bushe sosai ɗan man kaɗe kamar ƙwayar gero biyu, ka murza sosai. Wani sai ya kwarara mata man gyaɗa ta koma kamar ƙosai, aska ta riƙa maƙalewa. Da damina kuma kar a bar ta a zabira ta yi fumfuna. Ƙaramin yanka ana goge shi da samfefa mai laushi.

Wanda ya fi damuna shi ne mai gama askin wani ya kai aska fata kai tsaye da kumfa da gashi, wani lokacin har da jini. Fata ba ta kashe ƙwayar cuta, ciwon hanta da ƙanjamau duk suna bin jini. A wanke aska, a tsaftace ta da sifirit ko a tafasa, ta bushe, sannan fata. Mai askar da ake sa wa reza kuwa ba ruwansa da goga, sabuwa zai sa wa kowane kai.

Da na gyara wa yaron hannu na ce gwada a gashin damtsenka, ba da yatsa a kan baki ba. Ya ɗora, gashi ya zube. Ya ce Kawu to kawo kanka. Na ce sai bayan sallah.